Foldar Feshin Masara

A gidan su Muhammad Nur da ke Kabo, Fillanci ya daɗe da yin ƙaura. Tsofaffin da ke jin sa sun ƙare, garken ya koma 'yan shanun noma da ake ɗaurewa a bayan gida, jikoki kuwa ko gaisuwa ba su iya ba. Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya, wato kunya. A gidan nan uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an kawo masa ƙararsa ma sai ya yi kamar zancen ɗan maƙwabta ake yi. Uwa ma haka. Mai gadin wannan doka ita ce mahaifiyar Muhammad Nur, wadda kowa ke kira Gwaggo har 'ya'yan cikinta, kuma ba a taɓa kama ta tana gyangyaɗi a bakin aiki ba.

Halimatu Sa'adiya, matar Muhammad Nur, daga Madadi aka kawo ta, daga gidan da shi ma irin wannan tarbiyya ake yi, saboda haka ba ta sha wahalar koyo ba. Da ta haifi 'yarta ta fari aka sa mata Amatullahi, iyayen biyu suka kulle bakinsu. Ita takan ce "'yar Gwaggo", shi kuma in ta kama dole sai ya ce "ke". Da aka samu na biyu, Abubakar Sadiq, sai ƙofa ta buɗe. Shi ake ɗorawa a gaban babur a zaga gari, shi ake kawo wa tsire a takarda, sunansa kuwa har a waƙa uban yake saka shi.

Muhammad Nur malamin gona ne. Farkon damina zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ɗauka na sauro ne da aka saba, kafin a farga ya ce ga garinku nan. Sa'adiya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba ɗaga murya. Bayan sadakar bakwai dangi suka zauna suka ce kwamfutar marigayin, irin ta tafi-da-gidanka, a ba wa ƙaninsa Sagiru ya riƙa aiki da ita kafin a zo rabon gado, tunda yana buga wa mutane takardu a Gwarzo, ajiye ta kuma lalacewa za ta yi. Ba wanda ya tambayi Sa'adiya. Tana daga ɗaki ta ji an fita da jakar kwamfutar.

Wata rana da hantsi tana tsefe wa Amatullahi kai, yarinyar, wadda a lokacin take shekara takwas, ta yi maganar da ta fi mutuwar kanta yi wa Sa'adiya ciwo. Ba da kuka ta faɗa ba, da ma da kuka ne da da sauƙi. Cikin natsuwa ta ce ita ta san Baba na Sadiq ne. Ta ce 'yan makarantarsu suna ta yi mata ta'aziyya, ita kuwa ta rasa abin da za ta ce musu, don bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa kiran sunanta ba ko sau ɗaya. Sannan ta tambaya ko wani laifi ta yi masa tun tana ƙarama.

Hannun Sa'adiya ya tsaya a kan kitson. Ta san ba gaskiya ba ne, kuma ta san inda shaidar take.

Lokacin da Amatullahi take tatata, an yi wani biki a Lakwaya, gidan ya watse kaf har Gwaggo, aka bar su su uku. Da azahar Muhammad Nur ya leƙa zaure, ya leƙa bayan gida, ya dawo ya saka sakata. Ya miƙa wa matarsa waya ya ce ta ɗauka. Mutumin da ko murmushi sai ya auna kafin ya yi, ya cire riga ya rage daga shi sai singileti, ya ɗora 'yar a wuyansa, ya durƙusa da hannu da gwiwa yana zaga ɗakin yana kukan sa. Yarinyar ta kama kunnuwansa tana ƙyaƙyata dariya, shi kuma yana ta kiran sunanta, yana ja, yana gutsurewa, yana rera shi kamar mai kiran maraƙi, har muryarsa ta dishe. Sa'adiya ta yi dariya har hoton ya riƙa rawa. Da ya gaji ya kwanta rigingine ya ɗora ta a ƙirji, ya ce in ta girma, su kuma tsufa ya rage musu kunya, sai su nuna mata.

Daga baya ya kwashe bidiyon daga wayar ya zuba a kwamfuta, ya cusa shi can cikin wata folda mai suna Feshin Masara, tsakiyar ɗaruruwan hotuna da bidiyoyin aikinsa. Ya ce ba mahalukin da zai buɗe hoton tsutsa don nishaɗi. Ya kuma gaya mata cewa ya haɗa kwamfutar da wata ma'ajiya ta intanet, irin wadda suke ce wa gajimare, duk abin da ya saka a nan sai ya hau can da kansa, ko da kwamfutar za ta faɗa rijiya ba abin da zai ɓace. Wayar kam ta daɗe da mutuwa.

Sa'adiya ta ci gaba da tsifar. Ta ce wa yarinyar ta yi haƙuri, in ta fita takaba akwai abin da za ta nuna mata, za ta gan shi da idonta, za ta kuma ji da kunnenta. Amatullahi ba ta sake tayar da maganar ba, amma daga ranar kullum sai ta tambayi Gwaggo saura nawa a fita.

Ana cikin wata na biyu Sagiru ya zo gaisuwa wata Juma'a. A da shi da Sa'adiya abokan wasa ne, kamar yadda ake yi tsakanin mace da ƙanin miji, ba sa haɗuwa bai ce tuwonta ya yi gudaji ba. Yanzu wasan ya mutu tare da mai shi. Ya zauna a tabarma kusa da Gwaggo a tsakar gida, ita kuma tana bakin ƙofar ɗakinta cikin hijabi, suka gaisa a hankali. Can sai ya kawo kukan kwamfuta. Ya ce ta cika maƙil, jan layi take nunawa, ko takarda ɗaya aka ce ta adana sai ta tsaya tana tunani. Ya ce ya gano dalilin: duk abin da Yaya ya tura ma'ajiyar sama, kwafinsa na nan zaune a cikin kwamfutar yana cin wuri a banza. Zai share na ƙasa ya samu sarari, tunda na sama na nan. Ya shiga lissafo foldojin da baki, da ya zo kan Feshin Masara ya ce ita kaɗai ta cinye kusan rabin wurin.

"Yaya Sa'a, akwai wani abu da kike so in bari?"

Gwaggo na jan carbi, amma kunnenta na nan. Wanda bai tashi a irin gidan nan ba zai ce ai magana ce guda ɗaya, me zai hana ta faɗa? To, ba guda ba ce. Sai ta yi zancen mijinta a gaban uwarsa, ta haɗa da zancen 'yarta ta fari, sannan ta tona cewa ɗan da Gwaggo ke alfahari da kamun kansa ya taɓa rarrafe a ɗaki yana kukan sa. Kuma in ta ce a bar foldar tsutsa, dole a tambaye ta me mai takaba za ta yi da tsutsa. Sai ta ɓige da yi masa tambaya.

"Ka ce in ka share na nan, na can yana nan?"

"Kamar rumbu ne, Yaya. Don kin zubar da hatsin da ke ƙwarya, ai na rumbu bai san an yi ba."

"To, yi yadda ka ga ya dace."

Bayan tafiyarsa ta yi tunanin kiransa a waya ta gaya masa a ɓoye. Ta ɗauki wayar ta ajiye ya fi a ƙirga. Ta san halin Sagiru, in ta faɗa sai ya buɗe ya gani, ita kuwa gani take asirin mamaci amana ce a wuyanta. Ga shi kuma abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da mijinta ya taɓa gaya mata. Mutum biyu masu ilimin abin sun faɗi magana ɗaya, ita wace ce? Ta bar wa ranta cewa ajiyar na nan a sama.

Damina ta ja jiki, aka yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai. Ranar fita takaba ta zo, aka yi sadakar waina, 'yan'uwa suka zo daga Madadi. Amatullahi ta yini tana bin uwarta da ido. Kashegari Sa'adiya ta ce za ta fara zagayen gaishe da dangi ta Gwarzo, Gwaggo ta sa albarka. Yarinyar ta so ta bi ta, ta ce mata a'a, ta zauna, a waya za ta zo mata da abin da ta yi mata alkawari.

Sagiru yana da teburi a shagon wani Malam Gamaliel kusa da tasha. Mutumin kudancin Kaduna ne, yana koyar da kwamfuta a wata sakandare da safe, da rana ya buɗe shago, kuma ya daɗe a Gwarzo har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyya, Sa'adiya ta ce wa Sagiru ya buɗo mata foldar nan ta feshi daga ma'ajiyar sama, sannan ya ɗan ba ta wuri. Ya dube ta da mamaki. Ya kunna data, ya shiga ma'ajiyar da lambar sirrin yayansa da ke maƙale a kwamfutar.

Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya rubuta sunan foldar a wurin nema, aka ce babu. Ya ce ƙila sabis ne, ya kashe ya kunna. Sa'adiya na zaune a benci tana kallon ƙeyarsa, ta ga gumi ya fara tsattsafowa, alhali fanka na juyawa. Daga nan ta san akwai magana. Ya kira Malam Gamaliel da wata irin murya ƙasa-ƙasa.

Malamin ya ja kujera, ya ɗan danna nan da can, ya tambayi Sagiru yadda ya yi. Da ya ji, sai ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya yi musu bayani a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce wannan irin haɗin ba rumbu ba ne, madubi ne. Abin da ka yi wa na ƙasa, shi ake yi wa na sama. Ka ƙara, a ƙara, ka share, a share. In wuri ake so, akwai inda ake dannawa a ce wa kwamfuta ta sauke nauyin daga kanta ta bar shi a can kawai, sunan fayil ɗin ya zauna a nan ba nauyi. Amma wanda ya danna sharewa ya ba da umarni ne a share ko'ina. Ya ce shi ma kansa sai da ya taɓa asarar takardun ɗalibai kafin ya gane. Sannan ya ce akwai sauran dama ɗaya, don ma'ajiyar tana da kwandon shara da ke riƙe abin da aka zubar kamar wata guda. Ya tambayi yaushe aka share.

Sagiru ya ce lokacin gero bai ma fitar da kai ba.

Duk da haka suka buɗe kwandon. Wayam. Na cikin kwamfutar kuwa Sagiru da hannunsa ya zazzage shi tun ranar, don sai an yi haka wurin yake samuwa.

Malam Gamaliel ya juyo wajenta ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da tambayata. Mene ne a ciki? In na san abin da nake nema, zan fi sanin inda zan tona."

Abin mamaki, maganar da ta gagara fita a gaban dangi sai ta fita a gaban baƙo. Ta sunkuyar da kai ta faɗa duka, da bikin Lakwaya, da sakatar, da singiletin, da kukan san, da abin da yarinyar ta ce ranar tsifa. Ba ta kama sunan kowa ba, ta ce "shi" ta ce "ita", amma an gane.

"Yaya?" in ji Sagiru. "Yaya ne ya yi haka?" Ya dafe kai da hannu biyu. Can ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Don Allah me ya sa ba ki gaya mini ba? Na tambaye ki fa."

Bai sake tambaya ba. A gidan ya tashi, ya san amsar.

Malam Gamaliel ya ce akwai wata manhaja da ke tono abin da aka share daga cikin kwamfutar, in ba a riga an zuba wani abu a kansa ba. Bai ɓoye musu ba, ya ce watanni ana aiki da ita, wurin da aka samu an cike shi da takardun mutane, kada su sa rai da yawa. Ya kori masu jiran aiki ya ce su dawo gobe. Aka kunna abin, wani siririn layi ya fara tafiya kamar hawainiya. Sa'adiya ta yi azahar a bayan shagon wajen matar Malam Gamaliel, Anastasia, wadda ta kawo mata abinci ta kasa ci. Ta yi la'asar a nan. Ta roƙi Allah abin da ba ta taɓa zaton mutum zai roƙa a kan sallaya ba, wato ya dawo mata da kukan sa.

Abin da aka tono bai taka kara ya karya ba. Hotunan ganyen masara ne da tsutsa ta huda, wasu rabi hoto rabi toka. Sai bidiyoyi da suka ƙi buɗewa, Malam Gamaliel ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak ya buɗe, shi ma guntu. Muhammad Nur ne tsaye a wata gona a Getso, da hular hana-salla, yana nuna wa manoma yadda ake auna magani a murfin kwalba. Da muryar ta fito, Sa'adiya ta matso kusa da kwamfutar. Sagiru ya tashi ya fita waje. Malamin ya tura mata guntun a wayarta, ta yi godiya, ta ce Allah ya saka da alheri, ya ce bai yi komai ba, kuma da gaske yake nufi.

A mota tana ta saƙa da warwara. Ta ce ko ta ce ba a samu Sagiru ba, ko ta ce sai wani makon. Amma ta san wani makon ma zai zo.

Ta iso Kabo rana ta yi sanyi. Amatullahi na zaune a bakin zaure, ta yi wanka, ta saka kayan sallarta ba wanda ya sa ta, har da kwalli. Ta karɓi jakar uwarta ta bi ta ciki. Gwaggo na tsakar gida tana gyaran wake, Sadiq na wasa da gwangwani a gefenta. Sa'adiya ta gaishe da surukarta, ta shiga ɗaki, yarinyar ta biyo ta ta tsaya tana kallon hannunta.

Ba ta da abin bayarwa sai abin da ta zo da shi. Ta kunna ta miƙa mata.

Amatullahi ta riƙe wayar da hannu biyu. Fuskarta ta washe da ta ga ubanta. Yana cewa murfi biyu a tanki ɗaya, kada a wuce. Yana cewa Malam Jalo matso ka gani, Malam Dabo kai ma zo, kada gobe ka ce ban faɗa ba. Manoman suka yi dariya, hoton ya tsaya cak. Ta sake kunnawa, ta kara a kunne, ta saurara har ƙarshe. Ta sake, karo na uku.

"Su ma ya kira sunansu," in ji ta.

Sa'adiya ta durƙusa a gabanta ta ce ba wannan ba ne, akwai wani, ya ɓace ne. Ta ba ta labarin duka, ta nuna mata daidai inda ya rarrafa, daga bakin gado zuwa jikin kwaba. Yarinyar ta saurara, sannan ta tambaya ko Gwaggo ta gani. A'a. Kawu Sagiru fa? Shi ma a'a. To wa ya gani? Ta ce ita kaɗai.

Amatullahi ta gyaɗa kai irin na yaron da ya gane ana lallashinsa ne kuma ba ya so ya kunyata babba. Ta ajiye wayar a kan gado a hankali, ta ce ba komai, ta fita. Sa'adiya ta bi ta da kallo ta ga ta nufi randa, ta ɗebi ruwa ta fara wanke kwallin.

Baƙin ciki ya taso mata, irin wanda ko ranar mutuwar ba ta ji ba. Ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa. Gwaggo na nan zaune da farantin wakenta, taku kaɗan tsakaninsu. Sa'adiya ta buɗe baki, ta ja sunan yadda ya ja shi a ranar.

"Amatullahi."

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin waken. Yarinyar ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska, ta waiga wajen zaure tana neman wanda ya kira ta.